Nikola Tesla: Ya sarrafa jirgi daga nesa tun 1898, amma ya mutu a ɗakin haya



Akwai wani abu da ya fara shigowa gidajenmu a hankali. Za ka ga ɗan Daura yana aiki a Abuja ko Legas, amma ya zaro waya ya leƙa ƙofar gidansu ta kyamara, ya ga wa ya shiga wa ya fita. Wani ma daga inda yake zai kunna fitilar tsakar gida, ko ya kashe famfon rijiyar burtsatse. Mai shago a Mai'adua yana kwance a gida yana kallon kantinsa. Abin gwanin sha'awa, sai ranar da aka ɗauke wuta. Ka buɗe manhaja ka ga allo ya yi baƙi, ka danna ka sake dannawa, shiru. Gidan na nan, kyamarar na nan, amma hannunka ya daina kaiwa.

Wannan matsalar ba sabuwa ba ce. Sama da shekara 120 da suka wuce wani mutum ya fuskance ta, ya kuma warware ta a cikin wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa. Sunansa Nikola Tesla. Da yawanku kun san sunan ta hanyar motar Tesla, ko ta bidiyoyin TikTok da Facebook da ake zuba masa labarai iri-iri, wasu gaskiya wasu ƙanzon kurege. Yau za mu bi rayuwarsa yadda take.

Yaron ƙauye da ya ƙi gadon mahaifinsa

An haifi Tesla ranar 10 ga Yuli, 1856, a wani ƙauye mai suna Smiljan. A lokacin ƙauyen yana ƙarƙashin daular Ostiriya, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Kuroshiya. Iyayensa 'yan ƙabilar Sabiya ne. Mahaifinsa Milutin limamin coci ne. Mahaifiyarsa Djuka ba ta yi makaranta ba, amma mace ce mai basirar hannu, tana ƙera wa kanta kayan aikin gida, kuma tana da ƙarfin hadda. Tesla da kansa ya sha danganta basirarsa ga uwar tasa.

Yana ƙarami yayansa Dane ya rasu sakamakon haɗarin doki, sai ya zama shi kaɗai ne namiji a gidan. Burin uban shi ne ɗan ya gaje shi a aikin coci, shi kuma yaro hankalinsa na kan lissafi da injuna. A 1873, bayan ya gama sakandare a garin Karlovac, cutar kwalara ta kama shi. Wata tara ya yi a kwance, har aka fara fidda rai. A kan gadon jinyar nan ne mahaifin ya sassauta, ya yi masa alkawarin idan ya tashi zai tura shi karatun injiniya. Ya tashi, aka cika alkawari.

A 1875 ya shiga kwalejin fasaha ta birnin Graz. Shekarar farko babu wanda ya kama ƙafarsa. A nan ne wani malaminsa, Farfesa Poeschl, ya kawo injin lantarki aji yana gwadawa, injin yana ta tartsatsin wuta a inda wasu ƙarafa ke gogar juna. Tesla ya ce ai za a iya ƙera injin da ba ya buƙatar wannan gogayyar. Malamin ya mayar da maganar abin dariya a gaban ɗalibai. Yaro ya yi shiru, amma abin ya zauna masa a rai.

To amma ga wani ɓangare da masu bidiyo ba su cika faɗa ba. Tesla bai gama kwalejin ba. Ya faɗa caca, ya rasa tallafin karatu, ya bar Graz a 1878 ba tare da takardar shaida ba, har ya yanke hulɗa da gida na wani lokaci saboda kunya. Wato shi ma ya taɓa zamewa kamar kowane matashi. Abin da ya cece shi shi ne bai zauna a inda ya faɗi ba.

Daga Budapest zuwa Niyok

A 1881 ya samu aiki a birnin Budapest na ƙasar Hangari, inda ake kafa cibiyar wayar tarho. A wannan birnin ne, a 1882, amsar tambayar nan ta aji ta faɗo masa: maimakon ƙarafa su riƙa gogar juna, a sa ƙarfin maganaɗisu ne ya riƙa zagayawa, shi kuma ya ja ƙarfen tsakiya ya juya. A shekarar ya koma birnin Faris na Faransa, ya yi aiki da reshen kamfanin Edison na Turai. A watan Yunin 1884 ya sauka a birnin Niyok na Amurka, aljihu kusan wayam, ya shiga aiki a masana'antar Thomas Edison.

Zaman bai yi tsawo ba, wajen wata shida ne. Tesla ya ba da labarin cewa an yi masa alkawarin dala 50,000 idan ya gyara fasalin wasu injuna, da ya gama sai aka ce masa ai wasa ake yi. Babu takarda, babu shaida. Ya ajiye aiki ya fita.

Sai wasu 'yan kasuwa biyu suka zuba kuɗi aka buɗe kamfani da sunansa a garin Rahway, ya ƙera musu fitilun titi. Da abu ya kankama sai suka kafa wani kamfanin suka bar shi a waje. Takardun mallakar fasahar da ya yi ma ba su dawo hannunsa ba, domin ya riga ya miƙa su ga kamfanin a madadin hannun jari. A hunturun 1886 zuwa 1887, mutumin da ke jin harsuna da dama, mai ɗauke da zanen sabon inji a kansa, haƙar rami yake yi a titi ana biyansa dala 2 a rana.

Ku lura, sau biyu kenan a cikin shekara uku ana cin guminsa, kuma duk ta ƙofa ɗaya: yarjejeniya.

Yaƙin wuta iri biyu

Kafin mu ci gaba, bari mu fahimci abin da ake rigima a kai, domin duk mai sola a gidansu yana rayuwa da shi.

Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai wadda ke tafiya hanya ɗaya ba ta waiwaye, ita ce masu gyara ke kira DC. Ita ce ke cikin batir, ita ce farantin sola ke bayarwa. Akwai kuma mai kai-komo, wadda ke juyawa gaba da baya, ita ce AC, wutar da muke kira ta NEPA har gobe. A Najeriya tana yin wannan kai-komon sau 50 a kowace daƙiƙa.

Edison ya gina kasuwancinsa a kan DC. Tasharsa ta titin Pearl a Niyok ta fara aiki a 1882. Matsalar ita ce wutar ba ta iya yin nisa, da ta wuce kamar mil ɗaya sai ta raunana. Ita kuwa AC, ana iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma a tura ta ɗaruruwan kilomita, in ta iso gari a sake sauke ta. Da tsarin Edison aka bi, da wutar Shiroro ko Kainji ba za ta taɓa ganin Daura ba, sai dai kowace unguwa ta gina tasharta.

Ba Tesla ne ya ƙirƙiro AC ba, kuma ba shi ya ƙirƙiro taransifoma ba, wasu sun riga shi. Abin da ya rage a lokacin shi ne injin juyi mai inganci da zai yi aiki da AC, domin masana'antu ba fitila kawai suke so ba, suna son abin da zai juya musu injuna. Wannan giɓin Tesla ya cike. A 1887 ya samu sababbin abokan hulɗa, Alfred Brown da Charles Peck, suka buɗe masa ɗakin gwaje-gwaje. A watan Mayun 1888 ya samu takardun mallakar injin nasa, ya kuma gabatar da shi gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka. A daidai wannan lokacin wani masani ɗan Italiya, Galileo Ferraris, shi ma ya kai ga irin wannan tunanin a nasa ɓangaren. Jikokin wannan injin ne yau ke juya fankar silin ɗinku da famfon burtsatse da injunan masana'antu.

A watan Yulin 1888 attajiri George Westinghouse ya karɓi lasisin fasahar a kan dala 60,000, kuɗi da hannun jari, da kuma kamashon dala 2.50 a kan kowane ƙarfin doki ɗaya na injin da aka sayar. Daga nan rigima ta yi zafi tsakanin ɓangaren Edison da na Westinghouse. Masu adawa da AC suka riƙa kashe dabbobi da ita a bainar jama'a don nuna haɗarinta. Har kujerar lantarki ta kashe masu laifi, wadda aka fara amfani da ita a 1890, da AC aka haɗa ta. Duk da haka lissafi ya fi farfaganda ƙarfi. A 1893 kamfanin Westinghouse ya haskaka babban bajekolin duniya na birnin Shikago da AC. A watan Nuwamban 1896 wutar da aka samar daga ruwan Niyagara ta isa birnin Buffalo, tafiyar sama da kilomita 30. Magana ta ƙare.

Amma fa a tsakiyar wannan nasarar Tesla ya yi wani abu da ya bi shi har tsufa. A 1891 kamfanin Westinghouse ya shiga matsin kuɗi, masu ba shi bashi suka matsa a rage kashe-kashe. Tesla ya amince ya yafe kamashonsa. Daga baya, a 1897, aka biya shi dala 216,000 a dunƙule aka saye takardun gaba ɗaya. Kuɗi ne masu yawa a wancan zamanin, amma rijiyar da za ta riƙa tsattsafo masa duk shekara ta rufe.

Gobara kuma ta zo ta ƙara. Ranar 13 ga Maris, 1895, ɗakin gwaje-gwajensa na Niyok ya ƙone ƙurmus. Injuna, zane-zane, rubuce-rubucen shekaru, duk suka tafi a dare ɗaya. Babu inshora.

Jirgin da ke jin magana

Yanzu mun iso inda labarin ya haɗu da wayar da ke hannunka.

A 1898 aka yi bajekolin kayan lantarki a zauren Madison Square Garden da ke Niyok. Tesla ya zo da wani ɗan jirgin ruwa na ƙarfe, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, da sandunan eriya a bayansa da ƙananan fitilu. Ya sa shi a cikin tafkin ruwa, ya koma gefe ya tsaya gaban wani akwati mai maɓalli. Babu waya tsakaninsa da jirgin, babu zare. Ya taɓa akwati, jirgi ya tashi. Ya sake taɓawa, jirgi ya yi kwana. Ya sa fitilun suka riƙa ƙyaftawa.

Ku tuna a lokacin yawancin mutane ba su taɓa jin kalmar rediyo ba. Wasu suka ce sihiri ne, wasu suka ce da tunaninsa yake tuƙa shi, wasu ma suka ce ya ɓoye horarren biri a ciki. A watan Nuwamba na wannan shekarar ofishin rajistar fasaha na Amurka ya ba shi takardar mallaka mai lamba 613,809. Wannan jirgin yana cikin na'urori na farko a tarihi da aka sarrafa daga nesa ba tare da waya ba.

To yaya abin yake aiki? Akwatin da ke gaban Tesla yana aika igiyar rediyo. Eriyar jirgin ta kama ta, ta kai ta ga wani ɗan ƙaramin bututu mai ɗauke da garin ƙarfe. Idan igiyar ta taɓa garin sai ya haɗe ya ba wuta hanya, wannan ya motsa wani maɓalli, maɓallin ya kunna injin da ke juya farfela ko wanda ke karkata akalar jirgi.

Ga inda hikimar take. Saƙon da ke zuwa daga nesa ba shi da ƙarfin tura jirgi ko taku ɗaya. Umarni kawai yake kawowa. Ƙarfin da ke juya farfela, da wanda ke kunna fitila, da ma wanda ke sa jirgin ya ji saƙon tun farko, duk daga batura yake fitowa, waɗanda Tesla ya jera a cikin jirgin. Irin baturan nan masu caji, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro su a 1859, kuma danginsu ne batirin motarka. Wato umarni daga nesa, wuta kuma a wurin. Da batirin cikin jirgin zai mutu, ko Tesla zai kwana yana danna akwati, jirgi ba zai motsa ba.

Shekarar ce Amurka ta yi yaƙi da Sifaniya, don haka ya yi ƙoƙarin sayar wa sojoji fasahar, ba su nuna sha'awa ba. Shi kuma abin da yake hange ya wuce makami. Yana ganin zamanin da injuna za su riƙa yi wa mutum aiki yana nesa da su. Jirgi maras matuƙi da ake ɗaukar bidiyon hawan sallah da shi, da makullin mota mai buɗewa daga nesa, da kyamarar da kake kallo ta waya, duk a kan wannan tunanin suka tsaya.

Hasumiyar da ta cinye shi

Bayan jirgin, Tesla ya ɗaga burinsa sama. A 1899 ya tafi Colorado Springs ya yi watanni yana gwaji da wuta mai tsananin ƙarfi, yana haɗa tartsatsi mai kama da walƙiya. Ya dawo da yaƙinin cewa zai iya aika saƙo, har ma da wutar lantarki kanta, zuwa ko'ina a duniya ta cikin ƙasa da sararin sama.

A 1901 babban mai banki J.P. Morgan ya ba shi dala 150,000 don gina tashar aika saƙo zuwa Turai. Ya fara gina wata hasumiya mai tsawon kusan mita 57 a wani wuri da ake kira Wardenclyffe, a tsibirin Long Island. Ana cikin aiki ya faɗaɗa tsarin fiye da abin da aka yi yarjejeniya a kai, kuɗi suka ƙare. A watan Disamba na wannan shekarar wani matashi ɗan Italiya, Guglielmo Marconi, ya tsallakar da saƙon rediyo Tekun Atlantika da kayan aiki masu araha nesa ba kusa ba. Tesla ya yi ta rubuta wa Morgan wasiƙu yana neman ƙari, Morgan ya ƙi. Zuwa 1906 aiki ya tsaya cak. Daga baya ya miƙa filin ga mai otal ɗin Waldorf-Astoria saboda bashin ɗaki da ya taru masa, a 1917 kuma aka rushe hasumiyar aka sayar da ƙarafan.

A nan ne labaran soshiyal midiya suka fi yawa. Za ka ji ana cewa Tesla ya gano wutar kyauta ga duniya baki ɗaya, attajirai suka binne ta. Labarin yana da daɗin ji, musamman ga wanda ya gaji da biyan kuɗin wutar da bai sha ba. Amma Tesla bai taɓa nuna tsarin yana aiki a nesa mai tsawo ba, kuma ko da ya yi aiki, sai an samar da wutar daga wata tasha da wani zai biya kuɗinta. Har yau ɗin nan, cajin waya maras igiya sai ka ɗora wayar a kan faranti, in ka ɗaga ta kaɗan ya yanke. Abin ban mamaki, jirginsa na 1898 ya riga ya nuna iyakar lamarin: saƙo yana tafiya nesa cikin sauƙi, ƙarfin wuta kuwa ba haka ba.

Ƙarshen tafiya

Sauran rayuwarsa a ɗakunan otal ya yi ta, ya bar wannan da bashi ya koma wancan. Bai taɓa aure ba. A 1917 aka ba shi babbar lambar yabo ta injiniyoyin lantarki, wadda ke ɗauke da sunan Edison, tsohon maigidansa. A 1931, da ya cika shekara 75, mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. Suna kam akwai, kuɗi ne babu. Daga 1934 kamfanin Westinghouse ya riƙa ba shi dala 125 a wata yana kuma biya masa kuɗin ɗaki. Babban abin da ya rage masa shi ne ciyar da tantabaru a dandalin birni, yana ɗauko marasa lafiyarsu ya yi jinyarsu a ɗakinsa.

Ranar 7 ga Janairu, 1943, ya mutu shi kaɗai a ɗaki mai lamba 3327 na otal ɗin New Yorker, yana da shekara 86. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, don haka gwamnati ta kwashe takardunsa, ta sa wani farfesa mai suna John G. Trump, ƙanin mahaifin Donald Trump, ya duba su. Farfesan ya ba da rahoton cewa babu wani makamin sirri a ciki. Bayan wata biyar da mutuwarsa, kotun ƙolin Amurka ta soke wani muhimmin ɓangare na takardar mallakar rediyo ta Marconi, bisa hujjar cewa wasu sun riga shi, ciki har da Tesla.

Girmamawa ta zo bayan ba ya nan. A 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa. Tokar gawarsa da takardunsa suna gidan tarihi mai sunansa a birnin Belgrade. Kamfanin motocin Tesla kuwa a 2003 aka kafa shi, shekara 60 bayan mutuwarsa. Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka kafa shi, Elon Musk ya shigo a 2004. Sunan kawai suka ara don karramawa.

Abin da ya shafe mu a Daura

Mu dawo gida. Duk gidan da aka haɗa wa kyamara da fitilu masu jin umarnin waya, jirgin Tesla ne a kan tudu. Akwai ɗan akwatin da ke haɗa na'urorin, akwai rautar da ke kawo intanet, akwai kyamarorin. Wayarka daga Abuja umarni kawai take aikawa. Idan wutar KEDCO ta tafi kuma babu batir a bayan waɗannan ukun, ka zama Tesla a bakin tafki da mataccen jirgi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi kyamara mai tsada a manta da rauta, alhali ita ce kunnen gidan.

Lissafin ba shi da wuya. A ce rauta da akwatin da kyamara biyu gaba ɗaya suna jan wat 30. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya. Idan irin na ruwa ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa don kada ya mutu da wuri, saura 600 kenan. Raba 600 da 30, ka samu kamar awa 20. Amma in ka jona firij da talabijin da dutsen guga a kan batirin nan, kafin tsakar dare ya kwanta, daidai lokacin da ka fi buƙatar idon kyamara. Shi ya sa masu dabara ke ware wa waɗannan ƙananan na'urorin layinsu daban.

Batir ma sai da mai cika shi. Waɗanda suka ga watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, sun san batirin da NEPA kaɗai ke yi wa caji bai wuce kwana ɗaya ba. Farantin sola ne ke rufa asiri, rana kuwa Allah Ya hore mana ita daga Baure har Kongolam. Wani abin dariya, sola da batir DC suke bayarwa, wutar Edison, sai inbata ta mayar da ita AC, wutar su Tesla. Mutanen da suka yi rigima a Niyok ga su nan sun shirya a lungun ɗakinku. Galibin rautoci kuma da DC suke aiki, don haka ƙaramin batirin da ke ba su wuta kai tsaye ya fi tattali a kan bi ta inbata.

Sabis ma yana iya tafiya. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali babu manhajar da za ta yi maka aiki daga nesa. Don haka a zaɓi kyamarar da ke ajiye bidiyo a cikin katinta ko da babu intanet, a bar maɓallin hannu a bango, a kuma samu amintaccen mutum a gida da ya san inda ake kashewa da kunnawa. Sannan a canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani. Ƙofar da ka buɗe wa kanka daga nesa, wani ma zai iya bi ta ita, kuma ba ƙaramin abu ba ne baƙo ya riƙa kallon tsakar gidan iyayenka.

Sai magana ta ƙarshe, gare ku masu haɗa sola da gyaran waya, da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura, da duk mai wata baiwa a hannu. Tesla ya sa wa jirginsa batir, amma bai ajiye wa rayuwarsa ko ɗaya ba. Ya yi aiki a kan alkawarin baki, ya sa hannu a takardar da ta raba shi da fasaharsa, ya yafe kuɗin shigarsa na dindindin, ya tara aikin shekaru a ɗaki ɗaya wuta ta cinye, ya zuba duk abin da ya samu a hasumiya ɗaya. Basira ba ta hana shi tsufa a ɗakin da wani ke biya masa ba. In za ka yi wa mutum aiki, ko ɗan uwanka ne, a rubuta. In ka yi zane ko manhaja, ka ajiye kwafi a wuri biyu. In kasuwa ta buɗe, ka cire wani abu ka ɓoye, domin da rarrafe yaro kan tashi, kuma ranar duhu ba ta sallama.

Ku faɗa mana a sashen sharhi: a gidanku ko shagonku, in aka ɗauke wuta, awa nawa rauta ke yi kafin ta mutu? Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.